Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Wace Motar Gudu Ce Za Ta Yi Tsada Gobe?

Ranar 5 ga watan Mayu na shekara ta 2022, a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, kamfanin Mercedes-Benz ya gayyaci waɗansu attajirai ƙalilan zuwa gidan da yake ajiye kayan tarihinsa, ya sa wata tsohuwar mota a gwanjo. Sunan motar 300 SLR Uhlenhaut, ƙirar shekara ta 1955, kuma guda biyu rak aka taɓa ƙerawa. Da aka buga guduma, kuɗinta ya tsaya bisa yuro miliyan 135, watau kimanin sefa miliyar 88 da rabi. Kafin wannan rana ba a taɓa jin an sayi mota da irin wannan kuɗi ba.

Ga mai mota a Maraɗi ko Damagaram, wannan labari ya yi kama da tatsuniya, domin abin da kowa ya sani shi ne mota tana rage daraja tun ranar da ta fita daga hannun mai sayarwa, har ta ƙare a bayan gareji ana cire mata sassa ɗaya bayan ɗaya. Haka ne ga mafi yawan motocin duniya. To, amma akwai waɗansu ƴan kaɗan, galibinsu motocin gudu, watau ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da ƙaton inji waɗanda aka ƙera domin sauri da daɗin tuƙi, da kuɗinsu ke faɗuwa na ƴan shekaru, sa'an nan ya juyo ya hau, har ya wuce na sabuwarsu nesa ba kusa ba. Shi ya sa a Turai da Amurka da Japan aka samu mutane masu yawa waɗanda ba su da aiki sai hasashen motar da za ta yi tsada nan gaba, don su saye ta tun tana da araha. Waɗansu sun yi arziki da haka, waɗansu kuma sun tafka asara mai yawa.

Yadda kasuwar take

Wannan kasuwa tana da ranakunta da dillalanta kamar kowace kasuwa. A farkon kowace shekara ana yin babban baje kolin tsofaffin motoci a birnin Paris, wanda ake kira Rétromobile. A watan Agusta kuma masu kuɗi suna haɗuwa a Monterey, cikin jihar Kaliforniya ta Amurka. Manyan gidajen gwanjo irin su RM Sotheby's da Bonhams da Artcurial su ne ke tattara motocin, su binciki asalinsu, su buga littafin da ke bayyana tarihin kowace ɗaya. A ƙasar Faransa, mota sai ta cika shekara 30 kafin a ba ta takardar shaidar motar tarihi.

Misalin da ya fi tayar wa masu hasashe da hankali shi ne na Ferrari 250 GTO. Kamfanin ya ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, ana sayar da sabuwa wajen dalar Amurka dubu 18. Da zamaninta ya wuce a fagen tsere, sai ta zama tsohuwar motar da ba ta iya cin gasa, masu ita suka yi ta rabuwa da ita da araha. A ƙarshen shekarun 1970, wani makaɗin ƙasar Ingila, Nick Mason, ya sayi ɗaya da kuɗin da bai kai fam dubu 40 ba. Cikin shekara ta 2014 aka sayar da wata a gwanjo bisa dalar Amurka miliyan 38, cikin 2018 kuma wata ta kai miliyan 48 da dubu 400. Duk mai bin wannan kasuwa, mafarkinsa shi ne ya gano GTO ta gobe tun tana yashe. Alamomi huɗu ne masana suka fi dubawa.

Alama ta farko: ƙaranci

Abin da ya yi yawa a kasuwa ba ya tsada, ko hatsi ne ko mota. Sai dai ƙaranci iri biyu ne. Akwai motar da tun asali kaɗan aka ƙera ta, kamar Toyota 2000GT ta ƙasar Japan, wadda aka yi wajen 350 tsakanin 1967 da 1970, kuma ɗaya daga cikinsu ta wuce dalar Amurka miliyan ɗaya cikin 2013. Akwai kuma motar da aka ƙera da yawa, amma amfani ya cinye ta. Peugeot 205 GTI ta shiga wannan layi. Daga 1984 zuwa 1994 an yi fiye da dubu 300. Samari suka saye su, suka yi ta gudu da su, waɗansu suka kife, waɗansu tsatsa ta ci, waɗansu aka sauya musu inji da fenti da ƙafafu. Bayan shekara 30, wadda ta rage yadda ta fito daga ma'aikata ta zama abin nema da fitila, kuma mai tsabta a cikinsu tana iya fin kuɗin sabuwar ƙaramar mota.

Wannan ƙaranci na biyu shi ya fi ba mai ƙaramin ƙarfi dama, domin babu wanda ya lura da shi sai bayan ya faru.

Alama ta biyu: suna a fagen tsere

Doki mai tarihin cin sukuwa ya fi ɗan'uwansa kuɗi ko da iyayensu ɗaya. Haka motoci suke. Ita GTO da aka ambata ta ci wa Ferrari gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere, daga 1962 zuwa 1964.

A nan ƙasar Nijar tana da nata rabo cikin labarin. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya kafa, ya tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Arlit da Agadas da Yamai. Cikin shekarun 1980 hamadar Tenere ce ta zama wurin da ake gane gwani da ragon direba. Mutanen Agadas da suka manyanta ba su manta da ƙurar waɗannan motoci ba. Cikin 1984 René Metge ya ci tseren da wata Porsche 911 da aka gyara domin rairayi. Cikin 1985 kamfanin ya kawo sabuwar motarsa mai suna 959 har guda uku, babu wadda ta isa Dakar. Cikin 1986 ya dawo da ita, Metge ya zo na ɗaya, Jacky Ickx na biyu. Ɗaya daga cikin ukun nan na 1985, wadda ko tseren ba ta gama ba, an sayar da ita cikin 2018 a Amurka kusan dalar Amurka miliyan 6, kuɗin da ya ninka na 959 ta titi.

Bayan Porsche sai Peugeot ta karɓi fage. Motar 205 Turbo 16 ta ci gasar duniya ta tseren daji cikin 1985 da 1986, sa'an nan ta ci Dakar cikin 1987 a hannun Ari Vatanen, da 1988 a hannun Juha Kankkunen. Dokar gasa ta lokacin ta tilasta wa kamfani ya ƙera guda 200 na titi kafin a yarda motarsa ta shiga tsere. Waɗannan 200 ɗin suna cikin Peugeot mafi tsada a duniya. Masana suna ba irin waɗannan motoci muhimmanci ƙwarai, domin tilas ce ta haife su, ba dabarar talla ba.

Alama ta uku: auta

Auta yana da farin jini a kowane gida. Motar da ta zama ta ƙarshe a irinta takan yi daraja idan aka tabbata ba za a sake yin kamarta ba. Ferrari F40 ta 1987 ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita da kansa kafin rasuwarsa cikin Agusta 1988. Porsche 911 da iska ke sanyaya injinta ta ƙare cikin 1998, aka koma sanyayawa da ruwa, kuma bayan ƴan shekaru masoya suka koma neman tsohuwar ido rufe.

Haka abin ya kasance ga giyar hannu. Cikin shekarun 2000 attajirai sun fi son motar da ke canja giya da kanta, har aka wayi gari Ferrari 599 GTB guda 30 kawai aka ƙera masu giyar hannu. Da kamfanin ya daina yin irin wannan giya gaba ɗaya, sai waɗannan 30 ɗin suka ninka ƴan'uwansu kuɗi sau biyu ko uku, alhali a sauri ƴan'uwan sun fi su.

Alama ta huɗu: marmarin ƙuruciya

Wannan ita ce alama mafi ƙarfi, kuma ita ce ke bayyana sauran. Mutum ba ya sayen tsohuwar motar gudu don ta kai shi kasuwa. Yana sayenta ne don ta mayar da shi shekarun da yake ɗan makaranta, yana liƙa hotonta a bangon ɗaki, aljihunsa babu ko dala. Idan ya kai shekara 45 ko 50, ya tara abin hannunsa, sai ya tashi nemanta, ya tarar tsararrakinsa dubbai su ma sun fito nema, motocin kuwa sun ragu. Daga nan kuɗi ke hawa.

Domin haka kasuwar take tafiya da zamani. Waɗanda suka tashi cikin shekarun 1960 sun nemi Jaguar E-Type da Ferrari na lokacin. Waɗanda suka tashi cikin shekarun 1990 kuwa, da sinima da wasannin tseren mota na talabijin suka yi wayo, su kuma motocin Japan ne cike da waɗannan wasanni. Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 ta yi suna cikin fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, kuma wadda aka yi fim ɗin da ita an sayar da ita dalar Amurka dubu 550 cikin 2021. Ita kuwa Nissan Skyline GT-R, samfurin R34 na 1999 zuwa 2002, ba a taɓa sayar da sabuwarta a Amurka ba, kuma dokar ƙasar ta hana shigo da irin wannan mota sai ta cika shekara 25. Dillalai suka ƙirga, suka ga wa'adin zai cika cikin 2024, suka yi ta saye a Japan suna ajiyewa tun da sauran shekaru, kuɗinta ya ninka kafin wa'adin ya cika.

Wannan ƙa'ida tana da baya kamar yadda take da gaba. Motocin talakawa na kafin yaƙin duniya na biyu, waɗanda dattawa suka yi rububinsu a da, kasuwarsu ta yi sanyi, domin masu begensu sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuma ba su da abin tunawa game da su.

Inda masu hasashe suka sha ƙasa

Cikin 1978 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da wata Corvette ta musamman, kwatankwacin wadda ta ja gaban tseren Indianapolis na wannan shekara. Jaridar Wall Street Journal ta buga labari a shafinta na farko cewa motar za ta yi tsada. Jama'a suka yi ca, waɗansu suka biya fiye da kuɗin da kamfani ya sa, wanda yake wajen dalar Amurka dubu 13 da 600. Kamfanin, ganin kasuwa ta buɗe, ya ƙera har 6,502. Masu saye da yawa ba su tuƙa su ba. Suka kulle su cikin gareji, leda na bisa kujeru, suna jiran ranar arziki. Bayan shekara 40 aka duba, sai ga su nan tuli, sababbi ful, kowa na neman mai saye. Idan aka cire tsadar rayuwa da kuɗin ajiya, mafi yawansu ko uwar kuɗi ba su mayar ba.

Darasin a fili yake. Abin da kowa ya ɓoye don ya yi tsada, da wuya ya yi tsada, domin ɓoyon ne ke hana shi ƙarewa.

Asarar da ta fi wannan girma ta zo a ƙarshen shekarun 1980. Kuɗi ya yi yawa a hannun ƴan kasuwa a Ingila da Japan, bankuna na ba da bashi a sauƙaƙe, ga kuma rasuwar Enzo Ferrari. Mutanen da ba su san komi game da mota ba suka shigo kasuwa. F40 da kamfani ke sayarwa ƙasa da fam dubu 200 ta kai kusan fam miliyan ɗaya a hannun masu sari. Kamfanin da ya yi niyyar ƙera 400 sai ya ƙera fiye da 1,300. Cikin 1990 da 1991 tattalin arziki ya karye, masu bashi suka fito da motoci kasuwa a lokaci guda, kuɗi ya faɗi warwas.

Jaguar XJ220 ta faɗa cikin wannan guguwa. Da aka nuna samfurinta cikin 1988, da inji mai silinda 12, mutane suka yi layi suna ba da kafin alƙalami na fam dubu 50. Da motar ta fito cikin 1992, injinta mai silinda 6 ne, kuɗinta fam dubu 470, kasuwa kuma ta riga ta mutu. Masu saye da dama suka nemi janyewa, har magana ta kai gaban alƙali. Ba a kai ga ƙera 300 ba, waɗansu kuma sun yi shekaru ba a sayar ba.

Akwai kuma abin da mai hasashe ba ya da iko da shi, watau shawarar kamfani. Cikin 1993 Renault ta fitar da Clio Williams guda 3,800, kowace da lambarta. Da suka ƙare nan da nan, sai ta sake fitar da kashi na biyu da na uku, har jimilla ta kai wajen dubu 12, masu na farko suka yi ta ƙorafi. Cikin 2016 Porsche ta yi 911 R guda 991 masu giyar hannu, masu sari suka ninka kuɗinta sau biyu, sau uku. Shekara ta gaba kamfanin ya fito da wata mai kama da ita, ba tare da ƙayyade yawanta ba, kuɗin 911 R ya sauko. Wanda ya saya a tsakiyar zafin kasuwa, garin neman gira ya rasa ido.

Waɗanda aka raina suka zama sarakai

Abin mamaki, da yawa cikin motocin da suka fi tsada ba su yi kasuwa ba lokacin da suke sababbi. McLaren F1, wadda Gordon Murray ya tsara, direba na zaune a tsakiya, ta fito cikin 1992 daidai lokacin da kasuwa ta karye. Kuɗinta ya wuce fam dubu 500, masu saye suka yi wuya. Duka-duka 106 aka ƙera zuwa 1998, 64 daga ciki na titi. Ta ci tseren awa 24 na Le Mans cikin 1995, cikin 1998 kuma ta yi gudun kilomita 386 a awa. Cikin Agusta 2021 aka sayar da ɗaya fiye da dalar Amurka miliyan 20.

Lexus LFA ma haka. Guda 500 aka yi tsakanin 2010 da 2012, kowace dalar Amurka dubu 375. Mutane suka ce wa zai ba da wannan kuɗi don motar gidan Toyota, waɗansu suka daɗe a hannun dillalai. Da aka daina yin irin injinta mai silinda 10, wanda aka ƙera tare da Yamaha, sai kuɗinta ya ninka. Porsche Carrera GT, wadda aka yi 1,270 daga 2004 zuwa 2006, ta yi shekaru ana sayar da ita ƙasa da kuɗin sabuwarta, wanda yake wajen dalar Amurka dubu 440, sai ga ta cikin 2022 ta kai miliyan 2. Rashin kasuwar farko shi ya rage yawansu, ingancinsu kuma ya jira zamani ya gane shi.

Motocin da ake sa wa ido

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan aka auna motocin shekaru 30 da suka wuce da waɗannan alamomi, waɗansu sunaye suna fitowa fili.

A sahun manya akwai Audi R8 ta farko, wadda ta fito cikin 2007, musamman mai giyar hannu, ga shi kuma an daina ƙera R8 gaba ɗaya cikin 2024. Akwai Lamborghini Gallardo ta 2003 zuwa 2013. An yi ta fiye da dubu 14, amma masu giyar hannu kaɗan ne a ciki, kuma da ita kamfanin ya rufe wannan babi. Akwai Honda NSX ta 1990 zuwa 2005, wadda gwanin tsere Ayrton Senna ya ba da shawara wajen gyaran tuƙinta. Akwai BMW 1M ta 2011, wadda aka yi 6,309, dukansu masu giyar hannu, kuma tun fitowarta kuɗinta bai faɗi sosai ba.

A sahun masu matsakaicin kuɗi akwai Lotus Elise ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2021. Ta farkonta nauyinta kilo 725 ne kawai, kuma dokokin kare lafiya na zamani ba za su bari a sake yin mota mai sauƙin nauyi haka ba. Akwai Honda S2000 ta 1999 zuwa 2009, wadda injinta ke juyawa har sau dubu 9 a minti. Akwai Renault Clio V6 ta 2001 zuwa 2005, wadda aka cire mata kujerun baya aka dasa inji a wurinsu, kuma ba a yi fiye da wajen dubu 3 ba. Akwai Alpine A110 da aka fara ƙerawa a garin Dieppe na Faransa cikin 2017, jikinta na sanholo, nauyinta wajen kilo 1,100. Toyota GR Yaris ta 2020 kuwa, domin tseren daji aka tsara ta, kamar yadda aka yi 205 Turbo 16 a da, sai dai yawan da aka ƙera zai sa ta daɗe kafin ta yi ƙaranci.

A sahun masu araha, Mazda MX-5 ta farko ce a gaba, ta 1989 zuwa 1997, mai fitilun da ke ɗagowa. An yi fiye da dubu 400, amma tsatsa da samari suna yi mata abin da suka yi wa 205 GTI.

Ita kuwa Nissan GT-R samfurin R35, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2025, matasa da yawa sun tashi da begenta, sai dai an yi wajen dubu 48, kuma kowa ya riga ya san sunanta. Motar da kowa ke faɗin za ta yi tsada, ribarta ta riga ta shiga cikin kuɗinta.

Zamanin lantarki

Cikin 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ke nufin daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga shekara ta 2035, ko da yake daga baya an shiga gardamar sassauta ta. Masu hasashe sun rabu biyu bisa wannan. Waɗansu suna ganin motar fetur mai ƙarar inji za ta bi sawun doki, wanda mota ta karɓe masa aiki amma ya zama abin ado da alfahari ga masu hali. Waɗansu kuma suna jin tsoron idan manyan birane suka hana su shiga, makanikan da suka san su suka tsufa, sassa suka yi wuya, to masu sha'awa za su ragu.

Motocin zamani suna da wata matsala da na da ba su da ita. Injin 1965, maƙeri mai basira yana iya sassaƙa masa abin da ya lalace. Motar 2010 kuwa cike take da ƙananan kwamfutoci, kuma idan ɗaya ta mutu bayan kamfani ya daina yin ta, motar tana iya zama gunki. Tesla Roadster ta 2008 zuwa 2012, wadda aka yi wajen 2,450 bisa ƙirar Lotus Elise, tana da daraja a matsayin ta fari a gidansu, amma idan aka bar batirinta ya ƙare ƙaf sai ya lalace, sauya shi kuma kuɗi ne mai yawa.

Asali da takardu

Ko motar ta cika dukan alamomi, darajarta tana rataye ga asalinta. Masu saye suna duba lambar inji da ta gangar jiki, su ga ko su ne waɗanda ta fito da su daga ma'aikata. Suna neman littafin gyara da sunayen waɗanda suka mallake ta. Cikin 2006 Ferrari ta buɗe sashe na musamman don ba da shaidar asalin tsofaffin motocinta, saboda yawan jabu.

Asali yakan fi ƙyalli. Cikin Fabrairu 2015, gidan Artcurial ya sayar da motoci 59 na marigayi Roger Baillon, wani mai kamfanin sufuri a yammacin Faransa, waɗanda suka yi shekaru da dama ƙarƙashin rumfunan kwano suna tsatsa. A cikinsu aka tarar da wata Ferrari 250 GT California ta 1961, an jibge mata tsofaffin mujallu. Da ƙurarta aka kai ta gwanjo, ta tashi bisa yuro miliyan 16 da dubu 300, kusan sefa miliyar 10 da miliyan 700. Kafin nan, cikin 2009, an tsamo wata Bugatti ta 1925 daga tafkin Maggiore, kan iyakar Italiya da Suwizalan, bayan ta yi fiye da shekara 70 cikin ruwa. Rabin jikinta ya narke, amma cikin 2010 aka saye ta yuro dubu 260 da 500, watau wajen sefa miliyan 170.

Wajibi ne kuma a tuna mota ba gona ba ce, ba ta haifar da komi tana ajiye. Tana cin kuɗin inshora da na gareji da na makaniki kowace shekara. Idan ba a tayar da ita ba, robobinta su bushe, mai ya daskare cikin bututu. Ranar sayarwa kuma gidan gwanjo yana cire la'adarsa, wadda takan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. Lissafin da ake bugawa a jarida na kuɗin saye ne da na sayarwa, abin da aka kashe a tsakani ba a faɗinsa.

Abin da ya shafi na gida

Cikin shekarun 1970 da 1980, Turawa masu yawon buɗe ido sun yi ta ratso hamada da tsofaffin Peugeot suna sayarwa a Arlit da Agadas da Yamai. Ita 504 an yi ta fiye da miliyan 3, har a Kaduna an haɗa ta, saboda haka ba za ta yi tsadar a zo a gani ba. Amma tana da ƴar'uwa mai ƙofa biyu, wadda gidan Pininfarina na Italiya ya zana, aka ƙera daga 1969 zuwa 1983. Mai rufi da marar rufi duka ba su kai dubu 40 ba, kuma da irinta Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama na Kodibuwa cikin 1978. Masu tara motoci a Faransa suna nemanta. Busasshiyar iskar Sahel kuwa ba ta cin ƙarfe kamar damshin Turai da gishirin da ake zubawa bisa hanyoyinsu lokacin sanyi. Saboda haka duk wanda ya gaji tsohuwar mota mai ƙofa biyu a bayan gida, ya kamata ya duba lambarta, ya adana takardunta, ya tambayi masana kafin ya sayar wa masu awon ƙarfe.

Shawarar da tsofaffin dillalan wannan kasuwa suka fi maimaitawa gajeriya ce. Kada mutum ya ci bashi don sayen motar ajiya. Ya nemi wadda ba a taɓa sauya mata komi ba, ko da ta fi sauran kuɗi, domin araha ba ta ado. Ya dubi abin da ƴan shekara 15 suke bege, ya ƙirga shekara 30 a gaba. Sa'an nan ya sayi wadda yake so da zuciya ɗaya, ya tuƙa ta, ya kula da ita. Idan ta yi tsada, ya ci riba biyu. Idan ba ta yi ba, ya dai mori abinsa, ya fi wanda ya kulle Corvette shekara 40 cikin leda. Gobe kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.